Tsakuwar Cikin Kakin Zuma

Ranar wata Alhamis ce, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, shekarar da na shiga tara. Zafin Garwa ya kai inda ko ƙadangare ba ya son tsallaka tsakar gida, ni kuwa ina tsugune a gindin darbejiya gaban murhu, da karan dawa a hannu, ina gadin gwangwani. Babban gwangwanin madara ne wanda rubutunsa ya daɗe da gogewa, an zaunar da shi cikin tukunyar ruwa mai tafasa, a cikinsa kuma curin kakin zuma ne yake narkewa a hankali. Goggo, yayar mahaifina, tana ɗaki tana sallar azahar. Gidan tsit, ban da ɓararrakar ruwa da kukan wata kurciya a kan katanga. Sai na ji wata 'yar ƙara daga cikin gwangwanin, kas-kas-kas, kamar an jefa ƙwayar gurjiya a kwano ana girgizawa. Karan ya suɓuce daga hannuna. Na san ƙarar nan sarai. Rabona da jin ta tun a Banyo, a bayan ɗakin Inna, kuma ban taɓa zaton za ta biyo ni har nan ba.

A Banyo aka haife ni, a gidan kakana na wajen uwa na yi wayo, kuma gidan masu zuma ne. Maza su ke hawa itatuwa su ɗora amya, su dawo da fuska a kumbure suna cika baki wai ba su ji komai ba. Mata kuwa su ke da aikin da ba a yabawa: su matse zuma, su tafasa saƙar da ta rage, su tace ta da tsohon buhu, sannan su zuba kakin a ƙananan ƙoƙuna ya daskare ya zama curi. To a gidanmu akwai wata al'ada da ban ga wani gida yana yi ba. Ba a cika ƙoƙo a zubi ɗaya. Rabi ake zubawa, a jira ya fara kama jikinsa, a ɗora 'yar tsakuwa a tsakiya, sannan a zuba sauran ya rufe ta. An ce kakar Inna ce ta fara, lokacin da idonta ya yi rauni. Dalili kuwa shi ne kaki mayaudari ne idan yana narkewa. Samansa zai zama ruwa garau kamar man gyaɗa, ka rantse ya gama, alhali gudan da bai narke ba ya nutse ƙasa ya yi kwanciyarsa. Daga gefe zafi yake cinsa yana shiga ciki, cibiyar ce ta ƙarshe. Da zarar tsakuwar ta kuɓuta ta fara bugun gindin gwangwani saboda rawar da tafasa ke sa shi, to babu sauran guda, ko makauniya ta san lokacin saukewa ya yi.

Abin da ya raba Baba da Inna ban sani ba, har yau kuwa babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Na dai san wata safiya Baba ya zo da mai mashin, aka ƙulle 'yan kayana a zane, aka ce za a kai ni Garwa wurin yayarsa. Ni a lokacin garwa ɗaya na sani, wadda muke ɗibar ruwa da ita, saboda haka na tambayi Inna ko za ta ɗauke ni in na shiga. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta raka mu har bakin hanya, ba ta yi kuka ba, sai gyara mini ɗankwali take ta yi, ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Daga mashin muka koma mota, daga mota muka koma wata, hanya tana jijjiga mu har haƙorana suna haɗuwa, sanyin tsaunukanmu yana raguwa, zafi yana ƙaruwa. Baba dillalin shanu ne, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ko hutawa bai gama yi ba ya bi shanu kudu, ya bar ni da wata doguwar mace mai ƙarancin magana, wadda ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin iya hura wuta?" Marabar da aka yi mini ke nan.

Goggo ba muguwa ba ce, kada a yi mini wata fahimta. Ba ta taɓa barina da yunwa ba, dukan da ta yi mini a duk zamanmu bai taka kara ya karya ba. Mace ce dai da shiru ya zauna mata a jiki. Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya tsaya, ta saba da zama ita kaɗai har ta manta ana yi wa yaro hira. Gidan ɗaki biyu ne da zaure da darbejiyar nan, a wani lungu na unguwar Hausawa. Sana'arta man kitso. Ta narka kaki, ta haɗa da man kaɗanya da na gyaɗa da ɗan turare, ta zuba a ƙananan gwangwanayen tumatir, makitsa da iyayen amare da masu faso su yi ta aikowa. Abin da ya ragu ta yi kyandir da shi, wanda mutanen garin ke ce wa buji. Akwai kuma wata doka da ba a taɓa faɗa mini ba, amma na gane ta tun makon farko: ba a ambaton Inna a gidan nan. Sau ɗaya bakina ya suɓuce na ce, "Inna ba haka take dama kunu ba." Goggo ta ajiye ludayi, ta dube ni, ta ɗauka ta ci gaba da damunta. Ban sake ba.

Aiki bai taɓa ƙarewa ba, kuma na gode masa, don shi ke cinye mini yini. In yi shara, in je famfon unguwa in bi layi, in wanke gwangwanayen tumatir da toka har bakinsu ya yanke ni, in tsince gyaɗa, in yo wa akuyarmu ganye. Akuyar nan ta sha labarin Banyo har ta gaji, ita kaɗai nake gaya wa sunayen ƙawayena da irin hazon da ke sauka kan dutsen garinmu da safe, tana tuƙa tana kallona ba yabo ba fallasa. Da aka sa ni lekol kuwa, wato makarantar boko, sai aka zaunar da ni cikin yaran da na girme su nesa ba kusa ba, domin a Banyo allo kawai na yi, ban san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Na zama doguwar banza a bencin baya. Fulatancin da nake taƙama da shi ma, da na buɗe baki sai 'yan aji su kwashe da dariya su ce na mutanen dutse ne. Lokacin hutu 'yan mata su zana 'yar gala-gala a ƙasa, wasu su baje tsakuwoyi suna carafke, ni kuwa in jingina da bango da makalata, wani ɗan fanke, a hannu, ina yi kamar cinta ne ya hana ni shiga. Kalmar da na fara iyawa ita ce wadda ake amsa kiran suna da ita, "prezant", wato ina nan, kuma na daɗe ina faɗinta ba tare da na yarda da ita ba. Idan an tashi nakan tsaya a bakin titi ina kallon manyan motocin auduga, ina zaɓen wadda a ganina ta nufi wajen garinmu.

Gadin kaki shi ne babban aikina, ranar Alhamis da yamma da kuma Lahadi. Goggo ba ta san wata tsakuwa ba, da kara take aikinta. Ta koya mini in riƙa zura karan dawa har gindin gwangwani ina lalube, in na ji ya tokari wani abu mai laushi to da saura. "Kada ki yarda da samansa," in ji ta, "ƙasa za ki taɓa." Idan aka yi gaggawa aka zuba mai alhali akwai guda, man kitson ya fito da gudaji, makitsa su dawo da shi suna tsaki. Idan kuma aka bar shi ya daɗe, ƙanshin zumar ya gudu, itace ya ƙone a banza. Da can a babbar kasuwa take sayen kakinta, baƙi-baƙi mai datti. Sai a watan nan wani Bafulatani mai fataucin zuma, Malam Hamadu, ya fara kawo mata har gida, curi-curi masu tsabta, ruwan ɗorawa. Na farkonsu ne a kan wuta ranar Alhamis ɗin nan. Da na ji ƙarar ban kira Goggo nan da nan ba. Na sunkuya na kasa kunne har tururi ya jiƙa mini fuska, ina jin zuciyata tana bugawa tare da ita. Sai da ta idar da salla ta fito sannan na ce, "Goggo, ya narke." Ta karɓi kara ta lalube, ta ce, "To."

Ni ke wanke gwangwani bayan an zuba, saboda haka ni na tsinci tsakuwar a gindi, lulluɓe da sauran kaki. Na kankare ta da farce. Jar marmara ce, mai kaushi, irin wadda ke zube a bayan ɗakin Inna inda ruwan indararo ke sauka. A ranar na tambayi Malam Hamadu a raina sau ba adadi, amma da baki sai da ya sake zuwa na samu na ce masa, ina miƙa masa ruwan sha, "Daga ina kake kawowa?" Ya ce, "Banyo, 'yata." Shi ke nan, ban bukaci ƙari ba. Na yanke wa kaina hukunci irin na yara, wanda ba ya neman shaida: Inna ta san inda kakinta yake zuwa, ta san ni ke gadinsa, kuma tun da an hana ta aiko mini da magana, ta aiko da abin da ni kaɗai zan ji. Na riƙa ɓoye tsakuwoyin a wani rami a jikin katanga bayan turken akuya. Da suka taru na fara carafke ni kaɗai, ina wasa hannuna da hannuna, ina cinye kaina.

Asirin bai daɗe ba. Wata Lahadi Goggo ta aike ni sayen turare, ta zuba man da kanta, na dawo na tarar da ita tsaye a tsakar gida da tsakuwa a tafin hannu, tana huci. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo irin ta ranar ba. "Kin ga mutanen duniya? Dutse suke cusa mini don ya yi nauyi a sikeli! Ni za a mayar shashasha da tsufana?" Tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gurjiya ba, wai ita ce ha'incin, amma Goggo mace ce da ko allura ba ta yarda a cuce ta ba. Ta ɗauki wuƙa ta tsaga wani curi, ga wata a tsakiya. Ta rantse Malam Hamadu ba zai sake taka zaurenta da kayansa ba, gara ta koma wa baƙin kakin kasuwa da dattinsa. Idan ya daina zuwa, babu sauran abin da ya haɗa ni da Inna a duniyar nan, ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda zan tambaya. Idan kuma na yi bayani, sai na taɓo sunan da ba a taɓawa. Na tsaya riƙe da ƙullin turare har ya jiƙe da gumi.

"Goggo, ba ha'inci ba ne," na ce. "Ƙararrawa ce. In ya gama narkewa ita ke faɗa."

"Wa ya gaya miki?"

"A gidanmu haka ake yi."

Ban ce Inna ba, amma kalmar "gidanmu" ta faɗi tsakaninmu da nauyinta. Goggo ta ce in ƙara itace, ta jefa sabon curi a gwangwani, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka zauna, inuwar darbejiya tana matsawa, ni ina addu'a a zuci kada wannan ya zama wanda aka manta ba a sa masa ba. Can sai ga ta, kas-kas-kas. Goggo ta zura kara ta lalube gefe da gefe, ba ta tarar da komai ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Dabara ce." Da Malam Hamadu ya dawo, ina jinta daga bayan ƙofar zaure tana ce masa, "Na gidan nan da ka saba kawowa, shi za ka riƙa kawo mini, kada ka haɗa da na wani." Ba ta tambaye shi ko gidan wa ne ba, shi ma bai faɗa ba.

Daga nan na samu abin jira a mako. Kaɗaicin bai tafi ba, yana nan a bencin baya da bakin famfo da tabarmar da nake kwana, amma yanzu yana da ranar hutu. Na daina amfani da kara. In zauna in rungume gwiwa, in bar idona ya bi hayaƙi, kunnena yana kan gwangwani. Na lura kuma da wani abu: duk lokacin da narkewa ta kusa, sai Goggo ta tuna da wani aiki a ɗaki ko a zaure, ta bar ni ni kaɗai da murhu. A lokacin na ɗauka dacewa ce kawai. Damina ta zo, Binuwai ta cika ta malale gonakin bakin kogi, hanyar Banyo ta lalace Malam Hamadu ya yi jinkiri, amma da ya iso curinsa bai fasa magana ba. Har Faransancina ya ɗan miƙe, har wata yarinya ta taɓa kirana in cike musu gurbi a 'yar gala-gala ranar da ƙawarta ba ta zo ba. Haka muka ci shekara da wani abu.

Sai wata Lahadi da bazara na ɗora sabon kawowa, na zauna, shiru. Saman ya zama ruwa, na ce da saura. Na ƙara itace. Lokacin da ya kamata a ji ta ya zo ya wuce, na ce wataƙila wannan curin ya fi girma. Na sake ƙara itace, na ƙi ɗaukar kara, domin na san abin da kara zai gaya mini kuma ba na son ji. Ruwan tukunya ya yi ta ja baya har ya ƙafe, gwangwani ya zauna a kan busasshen ƙarfe, kakin ya fara hayaƙi mai ɗaci. Warin ne ya fito da Goggo a guje. Ta janye itacen, ta sauke tukunya da gefen zaninta, ta zura kara har ƙasa ta juya. Babu guda, babu tsakuwa. Na jira faɗa, don kakin ya yi baƙi ya lalace. Ta shiga ɗaki ta fito da sauran curin da wuƙa, ta tsaga su ɗaya bayan ɗaya a gabana. Duk cikinsu sumul.

Da Malam Hamadu ya sake zuwa, Goggo ta miƙa mini bokiti ta ce in tafi famfo. Na fita, na zagaya, na laɓe a jikin bangon zaure. Da Fulatanci suka yi maganar, ƙasa-ƙasa, sun manta da shi na tashi. Ya ce daga gidan ne dai, bai haɗa da na kowa ba, sai dai yanzu matan 'ya'yan gidan ke yin kakin, su kuwa ba su damu da wata tsakuwa ba. Goggo ta tambaye shi ina wadda take yi a da. "O dilli," in ji shi, wato ta tafi. An ɗaura mata aure da wani mai shago, ya wuce da ita can tsallaken iyaka wajen Gembu. Na ɗauki bokitina na tafi famfo, na bi layi, na cika, na dawo ban zubar da ko ɗigo ba. Kukan sai a bayan turken akuya na yi shi. Abin da ya fi ci mini rai ba auren ba ne, a'a, ta tafi ba ta sa mini ko ta ban kwana ba. Kwanakin da suka biyo baya na koma lalube da kara kamar farkon zuwana, abinci ya daina shiga, Goggo tana kallon kwanona.

Ranan nan ina zaune gaban murhu, kara a hannu, hankalina ba ya ko'ina, sai na ji kas-kas-kas. Na zabura har na kusa kifar da tukunya. Na ce ashe ta dawo, ashe Malam Hamadu bai san abin da yake faɗa ba. Da kyar na jira aka zuba mai, na ja gwangwani bayan ɗaki na kankare abin da ke gindi. Fara ce, sumul, mai santsi, irin wadda ruwa ya daɗe yana gogawa. Babu irinta a Banyo, a bakin Binuwai take, inda Goggo ke zuwa sayen kifi wurin masunta. Na lallaɓa ɗaki na juya curin da suka rage. Kowanne akwai ɗan tabo a gindinsa, inda aka huda da ƙarfe mai zafi aka cusa abu aka liƙe, ga shatin babban yatsa a kan liƙin. Ashe Goggo ce, ina lekol take yi. Gaskiya ban ji daɗi ba a ranar, haushi na ji, mai zafi kuwa. Na ga an raina mini wayo, an ɗauka ban san ƙasar garinmu ba. Na yi niyyar in kai mata tsakuwar in ajiye a gabanta. Na fito da ita a dunƙule a hannu, na tarar da Goggo a durƙushe tana jera gwangwanayen tumatir, ta ɗago ta dube ni da wani irin kallo na mai jiran hukunci, ta yi sauri ta mayar da kai. Sai na kasa. Na wuce na jefa ta a ramin katanga tare da jajayen.

Mako na gaba ma ta yi ƙara, na ce, "Goggo, ya narke," ta amsa daga ɗaki, "To." Haka muka ci gaba shekara da shekaru, har na gama lekol, har aka kai ni ɗakin miji. Ba ta taɓa fasa hudawa ba, ni ban taɓa nuna na gane ba, kuma ina kyautata zaton ta san na sani. Mu biyu a gida ɗaya, kowa da kaɗaicinsa, abin da ya iya shiga tsakaninmu ke nan. Inna kuwa sai da na haifi ɗana na fari na gan ta, ta zo suna da 'ya'yanta da ban sani ba, ta tsufa, ta yi ƙiba, tana da fara'a. Da muka keɓe na tambaye ta zancen tsakuwa. Ta yi dariya ta ce, "Au, kin tuna wannan? Ai sabo ne kawai, hannu ne ke yi. Wallahi ban san ma Garwa ake kai shi ba, na ɗauka kudu yake tafiya." Ba ta faɗa da mugunta ba. Ta ce ta yi kewata, na kuma yarda. Goggo tana tsakar gida a lokacin tana fama da tukwanen baƙi, ban tashi na je wurinta ba, na ce sai an watse, da aka watse kuma bakina ya yi nauyi kamar kullum.

Yanzu lungun namu ya canza, an sare darbejiyar an yi shaguna, man kitso kuwa a kanti ake saye cikin roba mai hoton mace, ba wanda ya san da me aka haɗa shi. Yaron da aka raba da uwarsa a yau ba ya bukatar kasa kunne ga gwangwani, a ba shi waya ya ga fuskarta tana motsi. Ni ma ina da wayar. Inna takan kira ni daga Gembu ranar Juma'a, mu gaisa, ta ba ni labarin ciwon gwiwa da tsadar masara, in ba ta na jikoki, mu yi sallama lafiya lau. Akwai lambar kowa a ciki, har ta mutanen da ban damu da su ba. Goggo ba ta kai wannan zamanin ba, ta rasu da damina a ɗakinta, shiru kamar yadda ta zauna. Ita kuwa nake da maganar da zan gaya wa.